Yadda Ake Yin Kyandir da Kakin Zuma a Gida

A wurare da dama na ƙasar Hausa, idan mai amya ya sauke zumarsa ya matse ta, saƙar da ta rage ba a ɗaukarta a bakin komai. Wani ya watsar da ita a juji, wani ya bar wa yara su tsotse su tofar. Alhali kuwa wannan abin da ake watsarwa ya fi zumar kanta tsada a wurin ƙudan da suka yi shi, domin sai sun sha zuma kimanin kilo 6 zuwa 8 kafin su fitar da kaki kilo 1. Matasan ƙudan zuma, waɗanda suka yi kwana 12 zuwa 18 da fitowa daga ramukan saƙa, su ne suke fitar da shi daga wasu ƙananan kafofi guda 8 da ke ƙarƙashin cikinsu, ɓarɓashi-ɓarɓashi, kuma sai an tara ɓarɓashin sama da 1,000 kafin a sami giram guda. A amyar gargajiya, wadda ake saƙawa da ciyawa a ɗora a kan bishiya, kuma ake yanko saƙarta gaba ɗaya, kowane kilo 10 na zuma yakan zo da kaki kusan kilo 1. Ke nan mai amya goma yana zubar da abin da zai haskaka masa ɗaki na watanni ba tare da ya sani ba.

Bukatar hasken kuwa ba ɓoyayya ba ce. A shekarar 2021 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 85 a Najeriya, wato kashi 43 cikin 100 na al'ummar ƙasar, ba su da wutar lantarki ta gwamnati, waɗanda suke da ita kuma kowa ya san yadda take zuwa. Fitilar ƙwai da aci-balbal suna cin kananzir, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci mutane tun 2014 da su rage amfani da shi a cikin gidaje saboda hayaƙinsa da haɗarin gobara da na yara masu kurɓarsa. Farin kyandir na kanti kuma daga ɗanyen man fetur ake samo kakinsa, wanda ake kira farafin. Wani masanin Jamus, Karl von Reichenbach, shi ne ya gano shi a 1830, aka fara yin kyandir da shi da yawa a shekarun 1850. Shi kakin zuma asalinsa ruwan furanni ne, kowace shekara yana sabuntuwa muddin akwai itatuwa da ƙudan zuma, kuma ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 62 zuwa 64 a ma'aunin Salshiyas, shi ya sa ya fi yawancin kyandir na kanti jure zafin bazara. A ƙasar Habasha, wadda ta fi kowace ƙasa a Afirka samar da kakin zuma, har yau ana yin siraran kyandirori da shi da zaren auduga ana kunnawa a majami'u.

Akwai abin da ya kamata a faɗa tun farko domin kada a ɗora wa kyandir nauyin da ba nasa ba. Haskensa kaɗan ne, kimanin lumen 12 a ma'aunin haske, ƙaramar fitilar sola kuwa tana ninka wannan sau da yawa, saboda haka ɗalibin da zai yi karatun dare fitilar sola ta fi dacewa da idonsa. Maganar da wasu 'yan kasuwa suke yi cewa kyandir na kakin zuma yana tsarkake iskar ɗaki ba ta da tushe a kimiyya. Amfaninsa na gaskiya ya isa: yana ci a hankali, ba ya wari, ba ya bukatar batir, ba ya lalacewa a ajiye, kuma ana yin sa daga abin da ake da shi a ƙauye. Sai dai duk wannan bai samuwa sai an kula da abubuwa biyu, wato tsabtar kakin da dacewar lagwanin, kuma a kansu mafi yawan wannan bayani zai tsaya.

Samun kaki

Hanya mafi sauƙi ita ce a je wurin masu amya a lokacin sauke zuma a sayi saƙar da aka matse. Tun a nan za a rarraba ta gida biyu. Sabuwar saƙa, fara ko ruwan ɗorawa, wadda zuma kawai ta zauna a cikinta, ita ce mai ba da kaki mai yawa mai kyau. Tsohuwar saƙa, wadda ta yi baƙi saboda an yi renon 'ya'yan zuma a cikinta sau da yawa, kakinta kaɗan ne kuma duhu gare shi, saboda haka ba a haɗa ta da ta farko, sai a narka ta daban. Saƙar da take ɗauke da 'ya'ya masu rai kuwa bai kamata a ciro ta daga amya ba sam. Masu cinna wa amya wuta su kwashe komai suna samun zumar shekara guda, amma sun kashe gidan da zai ba su ta baɗi, kuma haske ba zai amsa sunan mai ɗorewa ba idan da irin wannan kakin aka yi shi. Amyar zamani mai sanduna a sama, wadda aka fara yaɗawa daga Kenya a shekarun 1970, ta fi dacewa da mai son kaki, domin ana ɗaga kowace saƙa a duba ta, a yanke mai zuma a mayar da mai 'ya'ya.

Kada a ajiye ɗanyar saƙa a buhu a ce sai an sami lokaci. Akwai wani asu da yake yi mata ƙwai, tsutsarsa tana iya cinye buhu guda cikin 'yan makonni. Kakin da aka narka aka tace kuwa asun bai cika damuwa da shi ba.

Wanda zai sayi curarren kaki a kasuwa ya yi hattara da algus, domin ana cakuɗa shi da farafin. Na gaskiya yana ƙamshin zuma, idan aka fasa shi cikinsa yakan fito da ɗan tsaki-tsaki ba sheƙi, idan aka murza gutsurensa a tafin hannu ya ɗumama yakan yi laushi ya lanƙwasu ba tare da ya farfashe ba, kuma ba ya barin maiƙo a yatsa.

Narkawa da tacewa

Kafin a ɗora komai a wuta sai a duba tukunya. Baƙin ƙarfe da tagulla da bokitin ƙarfe mai ruwan kwano duk suna ɓata launin kaki, su mayar da shi toka-toka ko kore-kore, saboda haka tukunyar alminiyom ko ta silba ko samira mai fenti wadda ba ta ɓare ba ake nema. Ya kamata kuma a sani cewa tukunyar da aka yi wannan aiki da ita da wuya ta koma ɗakin girki, gara a ware mata wannan aikin kawai. Ruwan ma ana zaɓarsa. Ruwan sama ya fi kowanne. Ruwan rijiya mai zartsi ko mai kanwa yakan sa ƙasan kakin ya yi ɓurɓushi ya lalace, kuma idan shi kaɗai ake da shi sai a matsa lemun tsami guda ɗaya ko biyu a cikin tukunyar. A yi aikin da daddare ko a ɗakin da ƙudan zuma ba za su shiga ba, domin ƙamshin kaki mai zafi yana kiran su daga nesa.

Da farko a farfasa saƙar ƙanana a wanke ta da ruwa mai ɗumi sau biyu ko uku har zaƙin ya fita, saboda zumar da ta maƙale takan ƙone a kan lagwani ta toshe shi. Tsohuwar baƙar saƙa kuma a jiƙa ta kwana guda cur. Dalilin haka shi ne, a cikin ramukanta akwai ɓawon da 'ya'yan zuma suka bari, wanda idan a bushe yake zai shanye kakin da ya narke, amma idan ya riga ya ƙoshi da ruwa ba shi da wurin shan wani abu.

Daga nan a zuba ruwa a tukunya kamar kashi ɗaya cikin uku, a zuba saƙar, a tabbatar an bar sarari mai yawa a sama. A ɗora a kan wuta marar ƙarfi, wadda garwashi ya fi dacewa da ita a kan itace mai harshe, ana juyawa da sanda har komai ya narke. Ba a son ya tafasa. Idan zafin kaki ya wuce digiri 85 launinsa yakan fara duhu, ƙamshinsa ya gudu, sannan tafasasshen ruwa a ƙarƙashin kaki yakan yi kumfa ya taso ya zuba a kan wuta, kuma daga nan ne gobara take tashi. Wanda ya ɗora kaki a wuta ba ya barin wurin ko da na minti ɗaya ne; idan aka kira shi, ya sauke tukunyar tukuna. Idan kuwa kaki ya kama da wuta, ba a watsa masa ruwa, domin ruwan zai fantsama wutar ne a jikin mutum da ɗaki. Rufe tukunyar ake yi da murfi, ko a zuba yashi, saboda haka murfin da bokitin yashi su kasance a kusa kafin a fara.

Idan ya narke duka sai a ɗaura tsumman auduga mai tsabta ko buhun algarara da aka wanke a bakin wani bokitin roba mai kauri, a juye abin da ke tukunyar a kai. A tattara bakin tsumman a matse shi tsakanin sanduna biyu, mutum biyu suna ja, har kakin da ya rage ya tsiyaye. Sannan a rufe bokitin, a lulluɓe shi da tsohon bargo, a bar shi ya kwana ba tare da an motsa shi ba. Wannan jinkirin yana da muhimmanci, domin kaki ya fi ruwa rashin nauyi, zai taso sama, dattin kuma yana bukatar lokaci kafin ya sauka ƙasa. Idan ya huce da sauri, dattin zai daskare a tsakiyar kakin. Da safe za a tarar da faifan kaki yana yawo a kan ruwa, ƙasansa da wata laka mai launin ƙasa, sai a kankare ta da wuƙa. A sake narka faifan a sabon ruwa, a tace da tsumma mai ƙananan idanu fiye da na farko, a sake kwanar da shi. Sau biyu yakan isa ga sabuwar saƙa, tsohuwa kuwa takan nemi uku. Dattin da aka kankare da wanda ya rage a tsumma kada a zubar, yana da kyau wajen hura wutar girki.

A ƙasarmu mai rana akwai wata hanya da ba ta cin itace ko kaɗan. Ana samun akwatin katako a shafa masa baƙin fenti, a shimfiɗa farantin alminiyom a ciki a karkace, a ɗora saƙar a kan tsumma a sama, a ajiye kwano mai ɗan ruwa a ƙasa, a rufe akwatin da gilashi a fuskantar da shi ga rana. A watannin Maris zuwa Mayu zafin cikinsa yana wuce inda kaki yake narkewa, sai ya riƙa ɗiga a kwanon a tace, kuma rana takan ƙara masa haske. Ga sabuwar saƙa wannan hanya ta fi ta wuta a ganina, amma ba ta iya fitar da duk kakin tsohuwa.

A ƙarshe a shanya faifan a inuwa ya bushe sarai. Ɗigon ruwa da ya ɓuya a cikin kaki shi ne yake sa kyandir tartsatsi.

Lagwani

Kyandir ba kaki yake ci kai tsaye ba. Zafin wutar yana narka kakin da ke kusa, lagwani ya zuƙo shi sama, can ya zama tururi, tururin ne yake ci. Kakin zuma ya fi farafin kauri idan ya narke, saboda haka yana bukatar lagwani mai kauri fiye da wanda ake gani a kyandir na kanti, kuma yawancin waɗanda suka gwada wannan sana'a suka ce ba ta yi ba, a nan suka faɗi.

Zaren dole ya zama auduga zalla. Abawa, wato zaren nan mai kauri da ake kaɗawa da mazari, tana da kyau ƙwarai, haka nan ana iya warware sabon lagwanin fitilar ƙwai a yi amfani da zarensa. Idan ana shakkar zare sai a ƙona bakinsa: auduga takan ci ta bar toka mai laushi da warin ƙonannen takarda, zaren roba kuwa yakan narke ya dunƙule ya yi wari, kuma shi ba ya yin lagwani. Kada a saka waya ko wani ƙarfe a tsakiyar lagwani don ya miƙe. A Amurka an haramta lagwani mai darma a ciki tun 2003 saboda gubar da yake saki a iska.

Ba murɗa zaren ake yi ba, kitsa shi ake yi gida uku. Murɗaɗɗen lagwani yakan tsaya ƙyam a tsakiyar wuta, inda iska ba ta isa, sai kansa ya tara baƙi ya yi ta hayaƙi, shi ya sa a zamanin da ake datse shi da almakashi a kai a kai. A Faransa a 1825 aka fito da kitsattsen lagwani, wanda yake lanƙwasa da kansa idan yana ci, bakinsa ya leƙa gefen harshen wutar inda iska take, ya ƙone ya zama toka. Ga kyandir mai faɗin santimita 2, kitson da ya kai kaurin tsinken ashana, wato kimanin milimita 2, shi ne wurin farawa. Idan zaren siriri ne sai a haɗa uku ko huɗu a kowane reshe na kitson. A yi kitson da ɗan tsauri, daidai daga farko zuwa ƙarshe, kuma a rubuta adadin zaren da aka sa, domin za a bukaci wannan lissafin bayan gwaji.

Kafin a yi amfani da lagwani sai a tsoma shi a narkakken kaki a bar shi har kumfar iska ta daina fitowa daga jikinsa, a ciro shi a ja shi ya miƙe, a shimfiɗa ya sandare.

Kyandir na tsomawa

Daga nan zuwa gaba ba a ƙara haɗa kaki da ruwa, kuma ba a ɗora shi a wuta kai tsaye. Ana sa shi a dogon gwangwani mai tsabta wanda bai yi tsatsa ba, a tsayar da gwangwanin a cikin tukunyar ruwan zafi, a sa 'yan duwatsu a ƙarƙashinsa don kada ya zauna a gindin tukunyar. Ruwa ba ya wuce digiri 100, kaki kuwa ba ya kamawa da wuta sai ya kai kimanin digiri 200, saboda haka wannan tsari shi ne kariyar mai aiki. Tsawon gwangwanin ya ɗara na kyandir ɗin da ake so da santimita 5 aƙalla, kuma a ajiye wani ƙaramin gwangwanin kaki a gefe don ƙari idan na farko ya ragu.

Zafin da ake so shi ne digiri 70 zuwa 75. Wanda ba shi da ma'aunin zafi zai gane daga aikin kansa: idan kakin ya yi zafi da yawa, kowace tsomawa za ta narka abin da aka tara a baya, kyandir ɗin ya ƙi ƙiba, idan ya yi sanyi, zai fito da ƙuraje da gudaji. A yanko lagwani mai tsawon kyandir biyu da ƙarin santimita 15, a ɗaura ƙaramin noti a kowane baki don ya ja shi ya miƙe, a rataya tsakiyarsa a kan ɗan katako mai faɗin santimita 5 yadda bakunan biyu za su sauko ba tare da sun taɓa juna ba. A tsoma su a hankali, a ciro ba tare da tsayawa ba, dukkan tafiyar ba ta wuce daƙiƙa uku zuwa huɗu, sannan a rataye su sha iska har kakin ya daina sheƙi amma da sauran ɗuminsa. Idan aka bari ya yi sanyi ƙalau, sabon rufin ba zai kama tsohon da kyau ba, daga baya ya riƙa ɓarewa. Mai hikima yakan shirya katako biyar ko shida ya riƙa zagayawa da su, kafin ya dawo kan na farko ya isa tsomawa.

Bayan tsomawa bakwai ko takwas kyandir ɗin ya yi nauyin da zai miƙe da kansa, sai a yanke notin. Idan ya karkace, a mirgina shi a kan gilashi ko allo mai santsi tun yana da ɗumi. Tsomawa 20 zuwa 30 takan kai shi faɗin santimita 2. A yanke gindin da wuƙa mai zafi ya daidaita, a rataye shi kwana guda kafin a kunna. Lokacin hunturu aikin ya fi sauri saboda kaki yana kamawa da wuri, amma a yi shi a inda iska ba ta kaɗawa, saboda ƙura da kuma tsagewa.

Kyandir na mazubi

Wannan hanya ta fi sauri kuma ba ta bukatar kaki mai yawa a gwangwani. Mazubin na iya zama guntun bututun roba na ruwa, ko gora da aka tsaga biyu a tsaye aka ɗaure da roba, ko ma karan ganyen gwanda, wanda cikinsa rami ne kuma ana yage shi a jefar bayan kakin ya daskare. A shafa wa cikin bututun ko gorar ɗan man gyaɗa, domin kakin zuma yana da kamu. A huda murfin kwalba a tsakiya, a zura lagwani a ƙulla shi ta waje, a toshe gindin mazubin da murfin, a liƙe kewayen da yumɓu. Ɗaya bakin lagwanin a ja shi ya yi tsauri, a ɗaura shi a kan ƙusa da aka gitta a bakin mazubin, a tabbatar yana tsakiya daidai, domin lagwanin da ya kauce gefe zai narka ɓangare guda ne kakin ya kwarare. A kafa mazubin a cikin kwanon yashi ya tsaya sosai.

A zuba kakin a hankali a kan zafin digiri 70 zuwa 75, a ɗan ƙwanƙwasa jikin mazubin don kumfa ta fito. Yayin da yake hucewa zai tsuke ya bar rami a kewayen lagwani. A soka tsinke a wurin a cike da sabon kaki kafin ya gama daskarewa. Bayan awa shida zuwa kwana guda a kwance ƙullin, a cire murfin, a turo kyandir ɗin. Idan ya ƙi fita, a tsoma mazubin a ruwan randa na ɗan lokaci. Gefen da yake ƙasa a mazubi shi ne kan kyandir.

Lissafin kakin ba shi da wuya. Kyandir mai faɗin santimita 2 da tsawon santimita 20 yana cin kimanin giram 60, ke nan kilo 1 zai ba da guda 16, kuma kowanne yakan yi kusan awa 8 yana ci idan lagwaninsa ya dace.

Ragowar kaki da guntayen kyandir kuma ana iya narka su a zuba a ƙaramin gwangwani ko kasko. A nan ne kawai ya halatta a ƙara mai, kamar kashi ɗaya na man kaɗe ko man kwakwa a kan kashi uku na kaki, wanda yake sa shi laushi ya narke har gefen mazubin. Man kaɗe da man gyaɗa dama su ne kakanninmu suke zubawa a fitilar kasko da lagwanin auduga kafin zuwan kananzir. Amma kyandir mai tsayuwa da kansa ba a sa masa mai, domin zai sunkuya da zarar zafi ya shigo.

Gwaji da kunnawa

Kada a yi kyandir hamsin da lagwanin da ba a gwada ba. A yi uku masu faɗi ɗaya da lagwani daban-daban, a datse kowanne ya rage rabin santimita, a kunna su a ɗakin da ba iska, a zuba musu ido na awa biyu. Wanda harshensa ya yi tsawo yana rawa yana hayaƙi, kaki yana zuba ta gefe, lagwaninsa ya yi kauri. Wanda harshensa ya ƙanƙance, ya haƙa rami a tsakiya har narkakken kaki ya nemi nutsar da shi, lagwaninsa ya yi siriri. Idan kuwa wutar ta fara da kyau sannan ta riƙa raguwa, kan lagwanin ya yi baƙin dunƙule mai tauri, to laifin ba na lagwani ba ne, kakin ne bai tacu ba, sai a koma a sake tace shi. Wanda ya dace harshensa yakan tsaya cak, tsawonsa santimita 2 zuwa 3, da ɗan tafkin kaki a ƙarƙashinsa wanda bakin kyandir ɗin yake riƙe da shi. Duk lokacin da aka sauya faɗin kyandir ko aka sami kaki daga wani wuri, gwajin sabo ne.

Wajen kunnawa, a kafa kyandir a kan faranti na ƙarfe ko a kwanon yashi, ba a kan kujerar roba ko akwatin talabijin ko bakin katifa ba. A nisanta shi da labule da gidan sauro da rufin ciyawa, a sa shi inda yara da kaji ba za su kai ba, kuma kada a kwanta barci ko a fita a bar shi yana ci. A datse lagwanin kafin kowace kunnawa, kada kuma a bar shi ya wuce awa huɗu a jere. Wajen kashewa, a tura lagwanin cikin narkakken kakin da tsinke a sake miƙar da shi. Wannan ya fi hurawa, domin ba ya barin hayaƙi kuma lagwanin yana samun kakin da zai kama da shi a gaba.

Kyandirorin da ba a kunna ba a naɗe su a takarda, a kwantar da su a kwance a wuri mafi sanyi a ɗaki, nesa da taga da rufin kwano, kuma cikin abin da yake da murfi saboda ɓera yana cin kaki. Bayan wasu watanni za a ga wani fari-fari ya rufe jikinsu. Wannan ba fumfuna ba ce, wani sashe ne na kakin yake fitowa waje, yana daga alamun kakin zuma na gaskiya, kuma goga shi da tsumma mai laushi ko ɗan ɗumin tafin hannu yana mayar da launin yadda yake.